Zinarin da Ba Ya Hawa Ma'auni

A Maƙera Assada aka yanke mini cibiya,
inda zinari ke da launi guda tun kaka da kakanni.
Babana Ladan ya shekara arba'in a bakin zugazugi.
In aka kawo masa ɗan kunne
sai ya goga a baƙin dutse, ya ɗiga ruwa,
dutsen ya faɗi gaskiya, ko mai kaya ya ji kunya.

Ni kuwa Dundaye na nufa,
ɗakin bincike mai fanka ɗaya da ke tari.
Malam Sahabi ya ba ni farar riga da kashedi:
wannan 'yar kwalbar ta fi albashina,
kada hannunki ya yi rawa.

Na tafasa ruwa, na ɗiga,
rawaya-rawaya kamar shayin marowaci.
Na bi shi da gishirin tsamin lemo.
Launi ya gudu.
Sai toka-toka, sai duhu irin na hadarin gabas,
ban gama goge zufar goshina ba
ja ya cika tulun gilashi.
Ja wur. Kuma zinari ne.

Ga abin da na'ura ta faɗa, ranar da aka kawo wuta:
ƙwayoyi ne,
dubu huɗu sa jeru a kaurin gashi guda.
Kowace ƙwaya na ɗauke da lantarki sake, ba turke,
kamar ruwa a ƙwaryar mai dawowa daga gulbi.
Haske ya zo yana taku iri-iri.
Ja ya taka, ruwan bai kula shi ba.
Kore ya zo da takun da ya dace,
nan ruwa ya ɗauki tangaɗi,
ya shanye koren tas,
abin da ya tsira zuwa idona shi ne jan nan.

Wata bakwai ina bin tudu guda a kan allo,
ɗari biyar da ashirin, yau ya tsaya, gobe ya goce.
Sau nawa aka ɗauke wuta ana tsakar awo?
Sau nawa zafin Afrilu ya lalata mini kwalba cikin dare?
Na daina ƙirgawa.

Ran Juma'a na kai ragowar gida a jaka.
"Wanga soɓorodo na," in ji Inno, har ta nufi ƙanƙara.
Baba ya gyara tabarau: "Mi kik kawo muna?"
Ya tsoma tsinken ashana, ya goga a dutsensa.
Dutsen da bai taɓa yin shiru ba ya yi shiru.
"Zinarin da ba shi hawa ma'auni,
wa ka sayen shi?"

Na ari gishiri a madafin Inno, ɗan tsakure,
na barbaɗa.
Jan ya fara dusashewa a gabansu,
ya koma shuɗi kamar an tsamo shi daga karofin Marina.
Na ce ƙwayoyin ne suka matso juna,
tangaɗin ya sake taku.
Bai ce uffan ba, yana ta juya kwalbar a hasken taga,
hannun nan mai tabon wuta goma sha.

Na ce, Baba, ran Talata da zazzaɓi ya kayar da kai,
aka huda yatsanka a kemis,
jan layin da ya fito a 'yar robar nan,
irin wannan ne.

Ya ɗago.
"Zinari na?"
Na ce shi ne.
"Kuma yaron ga yaj jefa shi kwandon shara ina kallo?"

Inno ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.
Shi bai yi ba.
Ya ajiye kwalbar tsakanin rediyo da awartaki,
ya ce gobe in zo da wata,
wadda ba a sa wa gishiri ba.